Ranar da Na Kutsa wa Zulai Ɗakin Jarrabawa

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wata Talata a ƙasar Jamus ba. Ɗana ne ya ɗauko ni daga Roni aka yi mini aikin ido, na zauna gidansa ina jinya. Matarsa Zulai kuwa kullum tana duƙe gaban kwamfuta. Wai akwai wata takardar shaida ta aikin kwamfuta da wurin aikinta suka ce ta kawo kafin ƙarshen wata, in babu su ɗauki wani, tunda karatun da ta yi a Kazaure bai ishe su ba.

Da safen nan ta durƙusa ta ce, "Inna, don Allah daga ƙarfe goma zuwa sha biyu kar a shigo ɗakin nan. Jarrabawa zan yi."

Na ce to. Amma ni jarrabawar da na sani, yara ake tarawa a makaranta, malami yana zagayawa da hannu a baya. Jarrabawa a ɗakin kwana, miji yana wurin aiki? (Ni fa a unguwarmu ko akuyar maƙwabta ta canja hanya sai na san dalili.)

Goma na cika na ji muryar namiji. Na lallaɓa na tura ƙofa kaɗan na sa sabon idona. Sai ga Zulai ta ɗaga kwamfuta tana nuna wa wani namiji da ke cikinta ɗaki, har ƙarƙashin tebur. Na daure. Ta naɗe hannun riga ta nuna masa. Na ƙara daurewa. Can ya yi wani Turanci, sai na ga matar ɗana ta janye hijabi ta nuna masa kunnen dama, ta juya ta nuna na hagu.

Ban san lokacin da silifas ya baro ƙafata ba. Na banke ƙofa na yi kan kwamfutar.

"Kai ɗan gidan uban wa? Matar aure ce! Ba ka da uwa ne?"

Na yaye mayafina na lulluɓe shi, na ƙara masa silifas biyu ta sama. Zulai ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Inna! Mai tsaron jarrabawa ne! Dubawa yake ko na saƙala abin satar amsa a kunne!"

Kafin ta cire mayafin an rufe jarrabawar. Ta zauna a ƙasa tana hawaye. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da ɗana ya dawo ya karanta saƙon da masu jarrabawar suka aiko, sai na ga yana cizon leɓe. Wai wata mata ta shigo tana faɗa wa mai jarrabawa amsa da wani harshe da ba su gane ba. Ni! Ni da ko a asibiti sai dai in dangwala yatsa! Ashe kuma komai ɗauka suke yi a bidiyo. Dole ya rubuta musu fassarar maganata kalma-kalma, har da "ba ka da uwa ne," ya haɗa da hoton fasfo ɗina, don su yarda ba gwanar kwamfuta ba ce. Ya ce, "Inna, mutum uku ne za su zauna su kalla." (Ɗankwalina ma a karkace yake.)

Kwana tara ina cin abincin Zulai da ƙyar, ita kuma ba ta fasa gaishe ni a durƙushe ba. Ranar da suka amince ta sake jarrabawar, na kira ta na ce, "Ki yafe mini, 'yar nan." Ban taɓa faɗa wa suruka haka ba.

Ranar sakewa na jawo kujera na tokare ƙofar da kaina. Ɗana ya zo ɗaukar makullin mota na ce ya hau bas. Ta ci jarrabawar, ba ta rasa aikinta ba.

Har gobe ban daina sa ido ba, kar wani ya ruɗe. Sai dai yanzu in na ga abin da ban gane ba, tambaya nake fara yi, takalmina yana ƙafata.