A Auna Ka Ko A Juye Ka

Da faransancina na aji biyu a lakwal, makarantar boko, na samu aikin tafinta a motar ben, mai ɗaga baya ta juye kaya. Muka kawo gyaɗa daga Mirriya, ina bisa buhuna kamar kumandan. Da muka iso Zinder, Nasara mai kantin sayen gyaɗa ya ce, "Baskil!"

Kalmar da na sani tun aikin hanya, ma'anarta a juye kaya. Na ƙwala wa direba, "Maigida, juye!"

"A bakin kwata? Ka tabbata?"

"Ni na yi lakwal ko kai?"

Ya ja ƙarfe, ni da gyaɗa muka gangara kwata. Ashe sikelin awo ma baskil ne sunansa.

Aka sallame ni. Har yau masu awon Zinder na tambayata, "Tafinta, a auna ka ko a juye ka?"