Inda Allo Yake, Nan Ne Juji

A shekarar da wari ya kori ƙudan zuma daga Dajin Ɗorawa, babu dabbar da take fita daga gida ba ta toshe hanci ba. Shara ta yi wa daji katutu. Ƙasusuwan da ake ragewa a fada, da ɓawon mangwaron birai, da gashin kaji, da fasassun tukwane, duk sun taru tsibi-tsibi. Manyan daji a kan tudu suke zaune, ita kuwa shara, kamar kowane marar gata, gangarowa take yi. A ƙarshen gangaren nan Unguwar Jakai take, a bakin wani ɗan tafki wanda shi kaɗai ne ruwan shansu.

A unguwar akwai wata dattijuwar jakanya mai suna Inna Aura, mai sanyin hali, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ba ta manta da bara ba. Ruwan farko ya kwaso sharar tudu ya juye a tafki, jakai suka yi wata guda suna fama da ciwon ciki, har jikarta ta kusa sheƙawa. To ga shi bana shamuwa ta iso, kowa kuma ya san shamuwa ba ta zuwa sai damina ta kusa. Sai Inna Aura ta karkaɗe jikinta ta hau tudu ta kai kuka fada.

Ta tarar da Sarki Zaki Mai-Geza a kan karaga yana gyangyaɗi, fadawa na yi masa fifita. Da ta gama bayani, Ministan Tsafta, wani Kura mai suna Burungu, ya miƙe ya gyara babbar riga.

"Allah ya ja zamanin Sarki! Wannan shara da ake magana, mun gaje ta ne daga gwamnatocin baya."

Inna Aura ta tuna cewa Sarki Mai-Geza ya shekara ashirin a kan mulki.

Burungu ya ci gaba: "Duk da haka, wannan gwamnati mai tausayin talaka ta ƙudiri aniyar yaƙar shara ba sani ba sabo! Za mu kawo tirela, irin wadda ko a dajin maƙwabta ba a taɓa gani ba. Nan da ɗan lokaci, wanda yake son ganin shara sai ya yi tafiyar kwana uku!"

Sauran ministoci, duk kuraye, suka yi ta tafi. Tafin ya farkar da Sarki, ya ce, "An amince," ya koma barci.

Abin mamaki, tirela ta zo. Doguwa ce, koriya shar, mai taya goma sha biyu. Irin wadda in an zare sakatar baya aka saki igiyar gaba, sai ta ɗaga kai ta amayar da kayanta. Aka yi bikin ƙaddamarwa, aka yanka ƙyalle, aka ci aka sha. Sai da taro ya fara watsewa maƙwabcin Inna Aura, wani tsohon jaki mai yawan mita da ake kira Baba Goho, ya zagaya gaba ya leƙa.

"Ranka ya daɗe, ina kan motar da zai ja ta?"

"Kan yana cikin kashi na biyu na shirin," in ji Burungu. "Kafin nan, gwamnati ta karrama ku. Ku ne kan."

Nan take aka ɗaura wa jakai goma sha biyu igiya, aka naɗa su Direbobin Gwamnati, aka sa Inna Aura a gaba.

"Kin ga abin da kukanki ya jawo mana, Inna," in ji Baba Goho. "Da kaya kawai muke ɗauka, yau har da motar."

"Yi haƙuri, Baba. In dai tafki zai tsira, ai da sauƙi."

Kwana uku suna bi lungu-lungu suna kwasa. Biri ya kawo shawarar a riƙa wanke sharar kafin a zuba, kada ta ɓata fenti. Aka kafa kwamiti, ya zauna sau biyu, ya gano cewa shawarar tana da kyau amma babu sabulu. Ranar ta uku da yamma tirela ta cika maƙil, unguwanni suka yi fes, har ƙudan zuma biyu suka dawo leƙen asiri.

Saura juji. A nan ne Ma'aikatar Tsafta ta nuna gwaninta. Ta sa aka yi wani katafaren allo, aka zana hoton Sarki a kai, gezarsa ta cika shi gefe da gefe, domin a Dajin Ɗorawa ko turken akuya aka kafa sai an manna masa hoton Sarki. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe kamar sahun tururuwa, aka rubuta: Jujin Gwamnati. Sannan aka yi shelar doka mai hatimin Sarki: inda allo yake, nan ne juji. Direban da ya zuba shara a wani wuri, bulala arba'in. Talakan da ya taɓa allo, ya taɓa Sarki.

Aka kafa allo a bayan gonar Giwa. Jakai suka ja tirela tun safe har rana ta take, da suka isa sai suka tarar da rami kawai. Giwa ya sa hannu ya tumɓuke allon ya cilla shi makiyayar Ɓauna. Washegari suka nufi can, suka tarar da wani ramin. Ɓauna ya ɗauke shi a ƙaho ya kai kusa da gidan Damisa. Shi Damisa ma bai taɓa allon ba. Kallon ma'aikatan tsafta kawai ya yi, suka ɗauke shi da kansu suna ba shi haƙuri.

Kwana tara ana haka. Sharar ta dahu a rana, ta kumbura, ta fara wani irin huci. Ƙudaje suka yi mata rumfa, ungulaye suka jeru a baya kamar 'yan rakiya. Duk unguwar da tirela ta ratsa sai a rufe ƙofa.

"Ni fa tunda nake ban taɓa ganin jujin da ke gudun shara ba," in ji Baba Goho.

Ranar ta goma da hantsi, Inna Aura ta fito shan ruwa, sai ga allo a tsaye a bakin tafkinsu, Burungu na gefe ya toshe hanci da hannun riga.

"Ranka ya daɗe, nan ai ruwan shanmu ne."

"An yi nazari mai zurfi, Inna. Masana sun gano cewa nan ne kaɗai wurin da allo zai kwana lafiya." Ya dubi bakinta, ba haure, ya dubi kanta, ba ƙaho. "Gobe bikin cikar Sarki shekara ashirin da ɗaya. Kafin azahar ina son tirela ta zama wayam, baƙi su gani. Umarni ne."

Ya tafi. Daga gabas hadari ya fara haɗowa, baƙi ƙirin.

Jakai suka taru suna ta surutu. Wani ya ce a tumɓuke allon. Baba Goho ya ce, "Da wace fatar za ka karɓi hukuncin? Giwa ya taɓa an ce motsa jiki ne, kai ka taɓa a ce tawaye."

Inna Aura ta matsa kusa. Ta tsaya tana kallon allon. Taɓo ya fantsama a gezar Sarki, wani kwaɗo ya hau ya zauna daidai kan hancinsa yana lumshe ido. Ta daɗe tana kallon kwaɗon nan. Sannan ta ce, "Baba, riƙe mini gida, zan je fada."

"Wani kukan kuma? Wannan karon jirgi za su ɗaura mana."

"A'a. Godiya zan kai."

Da la'asar ta isa, ana ta kafa rumfuna a filin fada, cikin doguwar katangar da aka gina don kada talaka ya leƙa. Ta durƙusa.

"Allah ya ba Sarki nasara. Na zo godiya ne. An kawo mana hotonka har ƙofar gida, mu da ba kowa ba. Sai dai, ranka ya daɗe, abin ya fi ƙarfinmu. Wurinmu taɓo ne. Yanzu haka kwaɗo ne zaune a kan hancinka, mu kuma doka ta hana mu taɓawa."

Sarki ya buɗe ido duka biyu, abin da aka daɗe ba a gani ba.

"Kwaɗo? A hancina?"

"Ƙato, ranka ya daɗe."

Sarki ya yi gurnani har rumfa ɗaya ta faɗi. "Burungu! Wane ne ya kai hotona cikin taɓo? A ɗauko shi yanzu, a wanke, a kafa shi nan gaban karagata, inda baƙi za su gan shi gobe!" Ya ɗan yi tunani. "Me aka rubuta a jikinsa?"

Burungu ya waiga. Ya dubi Dila, Wazirin Sarki, ko zai cece shi. Dila ya duƙufa yana nazarin farcensa.

"Aikin alheri ne aka rubuta, ranka ya daɗe."

"Madalla. Kai da kanka za ka ɗauko."

Haka Ministan Tsafta ya saɓo allo a kafaɗa tun daga kwari har tudu, yana haki. A hanya ya matso kusa da Inna Aura ya rage murya.

"Ke tsohuwa, kada ki kuskura."

"Ranka ya daɗe, ni jakanya ce, abin da aka ce shi nake yi. An ce inda allo yake, nan ne juji. An ce kafin azahar. Wanne aka soke?"

"Duka!"

"To, a ba ni a rubuce, da hatimin Sarki, kamar yadda aka yi ta farko. Fatata ba za ta ɗauki bulala arba'in ba."

Burungu ya tsaya lissafi. Neman hatimi sai da bayani, bayani kuma sai an karanta ƙananan baƙaƙen nan a gaban Sarki. Ya ce a ransa gobe ma rana ce, wataƙila tayar tirela ta fashe.

Taya ba ta fashe ba. Da hantsi jakai goma sha biyu suka fara hawan tudu, igiya na cin kafaɗunsu, hadari na tafe a bayansu. Fili ya cika da baƙi daga dazuzzuka bakwai, makaɗa na kiɗa. Aku, mai gabatar da taro, ya hango su ya ɗaga murya:

"Jama'a, ga tirelar ci gaba! Ga alkawari ya cika! A buɗe ƙofa!"

Dogarai suka wangale ƙofa. Tirela ta shigo da ƙudajenta da ungulayenta, baƙi suka fara neman hankici. Inna Aura ta ja ayari a hankali, ta juya, ta daidaita bayan tirela da gindin allo, kamar yadda aka koya musu. Sannan ta durƙusa.

"Allah ya ja zamanin Sarki. A cika aiki?"

Burungu ya yi ta ɗaga mata hannu daga bayan karaga. Sarki ya dubi baƙinsa, ya kumbura ƙirji.

"A cika!"

Baba Goho ya ce bismillahi, ya zare sakata da haƙori. Jakai suka saki igiya. Tirela ta ɗaga kai sama, ta juye tarin kwana goma sha uku a gaban karagar mulki.

Kiɗa ya tsaya. Ƙasusuwan fada, waɗanda suka yi yawon daji suka ruɓe, suka gangaro har ƙafar Sarki, kamar sun gane gida. Kuraye kuwa, hali zanen dutse. Ministan Ruwa ne ya fara tsalle cikin ƙasusuwan, na Lafiya ya bi shi. Burungu ya daure, ya ja numfashi ɗaya, ya ja na biyu. A na uku ya tuɓe babbar riga ya faɗa tsakiya, ya ture Ministan Ilimi daga kan wani ƙashin cinya.

Nan ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya kwashi shara ya nemi hanyar gangare kamar kullum, sai katanga ta tare shi. Ya juyo ya cika fili, ya shiga zaure. Baƙi suka tattare riguna suka yi ta kansu.

Sarki Mai-Geza bai gudu ba. Ya sauko daga karaga, ruwa har gwiwa, ya matsa kusa da allo. Ya wuce gezar, ya wuce hancin, ya sunkuya ƙasa sosai, ya karanta ƙananan baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗago ya dubi ministocinsa. Ya waiga neman Wazirinsa. Dila kuwa tuni ya fice.

Jakai suka gangara da tirela wayam, tana ƙara kamar gangar da ba a ɗaure ba. A bakin tafki Inna Aura ta sa baki ta sha, jikarta ma ta sha. Ruwan garau yake, sai ɗan sanyin sabuwar damina.

Bayan kwana uku tirela ta sake cika. Ba a sake ganin Burungu a majalisa ba, kuma ba wanda ya tambaya. Allon kuwa yana nan inda Sarki ya ce a kafa shi, domin a duk fadar babu mai ƙarfin halin tumɓuke hoton Sarki a gaban Sarki.

Baba Goho ya gyara igiya a kafaɗa. "To, Inna, yau ina muka nufa?"

Inna Aura ta shiga gaba. Ta ɗaga kai ta dubi tudu, sauran jakai goma sha ɗaya ma suka duba.