Yadda Ake Haɗa Wa Suruki Sidi Har Jega Ta Ji

Kai mai neman aure, matso kusa. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na ba ka tabbacin sautin da za ka fitar sai an ji shi har hanyar Maiyama.

1. Cika baki

Alhaji Attahiru, baban Hamdiyya da kake nema, ya sayar da albasarsa a Aliero, ya sayo sidi mai kunna faifai da amfilifaya da 'yan sifikun ɗaki. Aika masa cewa haɗa su ba komai ba ne a wajenka, ai ka taɓa kwana biyu a Anacha. Mai neman aure ba ya cewa bai sani ba.

2. Ture takardar kwali

Karatu na masu shakka ne. Wayoyi uku ne dai, ja da fara da rawaya. Cusa kowacce inda ta yarda ta shiga.

3. Riƙe kunya

Cire takalmi a zaure, durƙusa, sunkuyar da kai. Za ka ga wata baƙar waya ta shigo ta taga. Kada ka ɗaga ido neman inda ta fito, domin Alhaji na zaune gindin tagar, kuma ba a kallon suruki. Jona ta kawai. Ina ruwanka da cewa ta lasifikar kan soro ce, wadda yake sa wa unguwa karatu da azumi?

4. Gwaji

Saka faifan kalangun da ka aro wajen mahauta. Sifikun ɗaki za su yi tsit. Murɗa. Ƙara murɗawa har abin murɗawar ya ƙi gaba.

5. Nuna tarbiyya

Kiɗa zai gauraye unguwar Jega Magaji daidai ana haramar la'asar. Girgiza kai cikin takaici ka ce, "Alhaji, wane marar kunya na ka wanga kiɗi kusa ga masallaci? Ubanai bai hore shi ba."

Nan Goggo, yayar Alhaji, za ta leƙo ta ce, "Attahiru, ga liman nan ƙofa da rabin sahu. Kiɗin ga bisa soronka shika hita."

Alhaji zai bi baƙar wayar da ido, tun daga taga har hannunka.

6. Fita

Takalmi ba dole ba ne.

Gargaɗi: abin da ya biyo baya tsakaninka ne da Alhaji, ni sauti kawai na yi maka alkawari. In an maido maka kayan gaisuwa, kada ka nemi ƙofata. Hamdiyya dai 'ya'yanta uku yanzu a Maiyama, gidan Sagir, mutumin da ya tsaya ya karanta takardar kwalin. Takalmana kuwa har yau suna zauren Alhaji.