Rigar da Ta Ƙi Bushewa

"...Lafiya lau, amarya, sai gajiyar hanya. Kin tashi lafiya?"

"Wa ya ce ka wanke rigar nan?"

"Haka ake gaida miji a garin nan?"

"Ina kwana, Tsoho. Ya baƙunta? To, wa ya ce ka wanke rigar nan?"

Ɗaki ne ciki da falo a saman bene, a wani babban gari na bakin teku, ana tsakiyar damina. Ƙasan benen gidan burodi ne. Mai ɗakin ɗalibar aikin jinya ce, kuma yau da hantsi za a miƙa mata shaidar kammala karatu. Kujera ɗaya aka ware wa baƙon kowane ɗalibi, ita kuwa ta ba kakanta, tsohon mai gyaran rediyo, wanda ya riƙe ta tun tana rarrafe. Jiya ya sauka daga mota, daga garinsu mai zafin rana. Farar riga ɗaya da wandonta ya zo da su, su ma a jikinsa. Da yamma, tana wurin gwajin taro, ya wanke su ya shanya a baranda. Ga su can suna ɗiga. Wuta ta ɗauke tun asuba. Shi kuwa yana zaune kan kujera da singileti, ɗaure da zanin jikarsa.

"Rigata ce, hannuna ne. Sabulun ne kawai naki, shi ma ba kumfa."

"Ban faɗa maka a waya ba? Na ce ka zo da kaya kala uku, marasa nauyi, da lema, da takalmin roba. Na ce nan wanki yana kwana biyu a igiya bai bushe ba."

"Na ɗauka ƙaryar 'yan makaranta ce. A gida in na shanya riga, kafin in sha shayi ta bushe har tana ƙara."

"Nan ba gida ba ne. In ka ƙi ji ai ba ka ƙi gani ba."

"Rana za ta fito. Kowane gauta ja ne, sai dai in bai sha rana ba."

"Wace ranar? Rabona da ganin inuwata tun watan jiya."

Ya miƙe, yana riƙe da bakin zani, ya leƙa baranda. Sama ta yi baƙi ƙirin daga gefen teku. A kan titi kowa da lema, masu babur sun lulluɓe da leda.

"Ke, shekara nawa ina gyaran rediyo? Babu hasashen yanayin da bai bi ta hannuna ba. Wannan hadarin na wucewa ne."

"Na jiya ma da ka ce na wucewa ne, shi ya kwana a rigarka."

"Gari ne wannan ko tukunya? Ana ruwa ina zufa. Na yi wanka, na goge jiki, kafin in ajiye tawul na sake jiƙewa. Ashana ta ƙi kamawa. Na ɗauki gishiri zan barbaɗa a ƙwai, ya fito kamar kwaɓaɓɓen siminti. Ƙasan ɗakin nan kuwa ƙona min tafin ƙafa yake yi."

"Tandar masu burodi ce a ƙasanmu. Kuma haka garin yake. Ko an ɗauke ruwa iskar a jiƙe take. Takalmin fata in ka ajiye shi mako ɗaya, gemu yake fitarwa, fari fat irin naka."

"Nawa gemun na gado ne. Kawo dutsen guga."

"Da wace wutar?"

"Na gawayi."

"Gawayin garin nan sai ka matse shi tukuna."

Ta duba agogon wayarta, ta yi tsaki. Fararen kayanta na jinya suna rataye a ƙofa cikin leda, a goge tun shekaranjiya. Ta jawo jakarsa daga bayan kujera, jaka ƙatuwa, cike dam.

"Tsaya. Wannan uwar jakar, me ke ciki in ba kaya?"

"Kada ki taɓa sirrin miji."

Ta zuge. Bargo ne, mai kauri, mai gashi, irin wanda mutum biyu ke ninkewa. A gefensa buroshin haƙori da ƙaramar rediyo.

"Innalillahi! Bargo? Ka ratso ƙasa da bargo zuwa garin da ko jariri ba a rufawa? Na ce lema, ka ji bargo? Kunnen ne ya tsufa ko taurin kan ne ya ƙaru?"

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau bene ba zai hango ba."

"Na hau benen, abin da na hango shi ne tsoho cikin zanina."

"Ya fi yi min kyau a kanki. Kawo rigar in saka hakanan. Jikina zai busar da ita a hanya."

"Ba ka isa ba. Zauren taron sanyin na'ura ne kamar firji. Da wannan ƙirjin naka mai kukan tsohuwar rediyo? Ka zauna awa uku cikin jiƙaƙƙen kaya, in karɓi takarda in wuce da kai gadon asibiti? Ba da kai zan fara aiki ba."

"Da kin samu gādo."

"Gādon me? Sukundireba da matattun batura?"

"Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya."

"Zumar ma in ta sha ruwa tsami take yi. Bari in aro maka kaya wurin maƙwabcina."

"Wanne? Mai wandon nan da ya yage a gwiwa, mai rigar ƙwallo da lamba a baya? In shiga taron manyan likitoci da lamba tara a gadon bayana? Gara in tafi da zanin nan."

"To zauna a gida. Zan kawo maka hoto."

Ruwa ya fara buga kwanon baranda. Tsohon ya koma ya zauna, ya gyara zani a gwiwa, ya ɗauki rediyonsa yana murɗawa ba tare da ya kunna ba.

"Hoto," in ji shi. "Ni na kai ki aji ɗaya a kan keke, kina kuka kina cizon bayana, har yau da tabon. Sai yau za a ce min hoto."

"To ya kake so in yi? Ana ruwa ya ci makaɗi, kai kana ta bargo."

"Bargon ba nawa ba ne."

"Na wa ne?"

"Wace ce ta kira ni watannin baya tana tari, ta ce in tana aikin kwana a asibiti sanyin na'ura har ƙashinta yake shiga? Na tara kayan da zan zo da su, jaka ta ce ko su ko shi. Na ce ni tsoho ne, riga ɗaya ta ishe ni."

Ta tsaya da bakin bargon a hannu. Sai ta juya masa baya tana gyara zip ɗin jakar da ba abin da ya same shi.

"Kuka kike yi?"

"Gashin bargonka ne ya shiga min ido. Ko kala ba ka iya zaɓa ba."

"Da na iya zaɓe da ke zan aura? Wash! Ke, ɗauke min ƙasan ɗakin nan, ƙafata ta gasu."

Ta dubi ƙafarsa. Ta dubi ƙasan. Ta dubi baranda.

"Tanda!"

"Ni kike zagi?"

Ta ruga baranda. Ta fizge riga da wando daga igiya, ta matse, ta sauka da gudu. Mai burodi yana da wayar shanya ɗaure a saman tanda inda ma'aikatansa ke shanya tawul da rigunan aiki, don su ma a garin suke. Ya matsar da nasu ya rataya na baƙo. Kafin a fitar da burodin zagaye na biyu, ta hawo da kayan a kafaɗa, a bushe ƙayau, da ɗuminsu.

Tsohon ya saka, ya shinshina hannun riga, ya ɓata fuska.

"Ƙamshin me nake yi?"

"Burodi mai madara. Yau dai ka yi daraja."

"Yara za su bi ni."

"Da ƙudaje. In shugaban makaranta ya matso, ka ce biyu ɗari."

"Ni da na zo a ango, an mayar da ni kayan shayi."

Ta shiga ciki ta shirya. Da suka sauko bakin ƙofa, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Tasi tana tsaye a tsallaken titi, direba yana ta hon. Ta buɗe 'yar lemarta, iska ta juye ta nan take, ƙarafuna suka miƙe sama. Ta dubi fararen kayanta, ta dubi busasshiyar rigarsa.

Tsohon ya juya. Ya hau benen a hankali, ya sauko rungume da bargo. Ya warware shi, ya yafa musu a ka su biyu, har ƙasa.

"Faɗi."

"Me zan faɗa?"

"Abin da babba ya hango."

"Ba zan faɗa ba. Riƙe can gefen, kana jan shi cikin kwata."

Suka tsallaka titi kamar tanti mai ƙafa huɗu. A cikin mota ta shafa kafaɗarsa, a bushe. Ta shafa tata, a bushe. Bargon kuwa yana ƙasan kujera, ya sha ruwa ya yi nauyin ɗan maraƙi. Dariya ta ƙwace mata har da riƙe ciki.

"Shi ke nan, Angona, ka ci wannan. Na gode da kyauta. Amma a garin nan, bargon nan ba zai bushe ba sai baɗi."

"Kai wa mai burodi," in ji shi, yana gyara wuyan riga. "Ki ce masa mijinki ne ya aiko, wanda ya gasa ɗazu."