Rasuwar Tsohuwa, Injin Goge Fentin Garejinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa, maƙwabtan gareji da masu kawo mana motoci rasuwar Tsohuwa, injin goge fentinmu. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan simintin gareji, kusa da bokitin ruwan sabulu, tana da shekara goma sha tara. Ba jinya ce ta kashe ta ba. Guduma ce. Ni na riƙe gudumar.

Marigayiya ta shigo garejin nan a hannun Baba, ina goye. Da Baba ya rasu ta koma hannun Yaya, babban wana. Ni kuwa sai da na gama sakandare, na shekara ina goga sanfefa da ruwa har yatsuna suka yi fari suka tsattsage, sannan Yaya ya bari na taɓa ta.

Aikinta shi ne na ƙarshe. Mu ke fara bin fenti da jiƙaƙƙiyar sanfefa, mai lamba dubu ɗaya da ɗari biyar, sai dubu biyu, sai dubu uku, har mota ta dushe ta koma kamar toka. Mai mota in ya leƙo a lokacin sai ya dafe kai. Sannan a shafa wa sosonta mai, a ɗora ta. Minti ashirin, ka ga haƙoranka a jikin ƙofa. Ba ta taɓa ƙona fentin kowa ba, sai in mai riƙon ne ya yi wauta a gefen ƙofa. Da "hiiin" take tashi. In ta hau bonet ta koma "wuuu". In an saki makunni ta ce "tak, tak, tak", ta yi shiru. Shekara goma sha tara ba ta saɓa ba.

Ciwon ajalinta ya fara wata guda da ya wuce. Sifirin ɗin da ke dawo da makunni in an ɗaga yatsa ne ya karye. Yaya ya aike ni wurin mai gyara. Mai gyara ya jujjuya ta, ya yi tsaki, ya ce, "Kai samari, wannan ai sa'ar kakarka ce. An daina yin kayanta. Ku kai ta bola." Ban kai ta ba. Na zagaya bayan gareji, na kwance mariƙinta, na yanko robar taya na ɗaura a madadin sifirin, na mayar da kusoshi. Yaya ya latsa, ya saki. Tak, tak, tak. Ya ce, "Mutumin nan ya iya aiki." Na ce eh.

Ranar Talata Yaya yana kan wata baƙar mota da muka yi kwana uku muna gogewa. Soso ya kama bakin madubi. Ta yi tsalle, ta naɗe wayarta a wuyan hannunsa. Ya saki makunni. Ba ta tsaya ba. Zafi ya riga ya cinye robar. Na ji ƙashi ya ce ƙas, sau biyu. Ta fizgo shi ta buga fuskarsa da ƙofa, tana ta juyi, jini da farin mai suna fantsama a bango. Sai da na tsallake bokiti na fizge waya daga soket.

Da aka tafi da shi asibiti na ɗauko guduma. Na fasa kanta. Na fasa cikinta, wayoyin jan ƙarfe suka zubo. Jama'a suka taru suna cewa, "Ƙara mata! La'ananniya!" Mai walda ya dafa kafaɗata ya ce, "Haka ake ƙani." Babu wanda ya lura mariƙin na fara duka, kuma da na sunkuya wani abu na tsinta na sa a aljihu.

Ta rasu ta bar soso huɗu, kwalin sanfefa, rabin gwangwanin mai, da baƙar mota, gefe ɗaya kamar madubi, ɗayan kamar toka. Ta bar Yaya da ƙarafa biyu a hannun dama. Likita ya ce yatsu uku babu tabbas. Ta bar Mama, wadda ke tambayata, "Auta, anya ba mai gyaran nan ne ya cuce mu ba?" Yaya kuma jiya, da kumburarren baki, ya rantse ranar da ya tashi sai ya ƙona shagon mutumin, yana ciki.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da safe a ƙofar gareji. An tattara gawar a buhun siminti, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da kurarsa. Ba za a yi zaman makoki ba. Ana roƙon jama'a su daina jinjina min, kada kuma kowa ya je ƙofar mai gyara.

Abu ɗaya ne ba zai bi buhun ba: guntun robar da ke aljihuna. Da zarar an tafi da gawar zan kai wa Yaya robar, in sa masa a tafin hagu. Hannun hagun lafiyarsa ƙalau, kuma tun ina ƙarami na san nauyinsa. Zan tsaya dab da gado, inda zai same ni ba sai ya miƙe ba.