Ranar da Na Yi wa Gidan Zoo Noma

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tuɓe babbar riga a tsakiyar birnin Kano na yi noman da babu wanda ya sa ni. Har yau in na ga ciyawar gogamasu a gefen hanya sai na kau da kai.

Ni ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma a Batsari, aikina takarda da hatimi. Matata Hauwa 'yar Runka ce, mahaifinta kuwa, wanda duk muke kira Baba, manomi ne na gaske, irin waɗanda ke duban tafin hannun mutum kafin su dubi fuskarsa. Tun ranar da na fara zuwa gaishe shi ya riƙe hannuna, ya ji shi da laushi kamar na jariri, ya raɗa mini suna Akawu. Shekara goma sha biyu bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba, bai kuma taɓa yabona ba. In ana hirar gona na sa baki, sai ya ce, "To, Akawu ma ya faɗi tasa," a ci gaba da hira. Wallahi abin yana cina a rai. (Ina da gona fa, kada ku raina ni. Sai dai 'yan ƙwadago ke nome ta, ni kuwa in je da yamma a kan babur in tsaya a iyaka in ce sannunku da aiki.)

Da rashin tsaro ya hana zuwa gonakin nesa, Baba ya dawo Batsari kusa da mu, damina biyu bai riƙe hauya ba. Bayan Babbar Sallah muka kai shi Kano ganin likitan ido, ni da Hauwa da 'yarmu Sadiya mai shekara tara. Aka duba shi, aka ba shi tabarau. Muna fitowa Sadiya ta kafe sai an je gidan zoo. Na fara kawo uzuri, sai Baba ya ce, "A je mana, in gwada sabon idon nan a kan kura."

Na ce a raina, yawwa, yau ga fagena. Nan akwai alluna da rubutu, kuma ni kaɗai ne ɗan boko a cikinmu. A kejin kura na gyara murya na fara karanta bayani. Ban kai layi na biyu ba Baba ya ce, "Wannan ai tsohuwa ce, dubi haƙoranta. Muna yara irinta ta ɗauke mana akuya ta bayan danga." Ya shiga ba da labarin, har da kwaikwayon kukanta. Kafin ka ce me, mutane sun kewaye shi, ni kuwa an bar ni da allo. Haka aka yi a wurin jimina, haka aka yi a wurin kada. Sadiya ta saki hannuna ta koma ta riƙe na kakanta. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba.

Da rana ta take, suka zauna a inuwa Hauwa ta buɗe kwanon soyayyen naman sallah. Ni na ce zan ɗan zaga. A can ƙarshe akwai wani lambu da aka kewaye da waya, da ɗakin gilashi cike da furanni, da fangali-fangali a jere, kowanne a share tsaf. Sai guda ɗaya. Subhanallahi! Ciyawa ta cinye shi baki ɗaya. Ga gogamasu, ga nonon kurciya, ga rai-ɗore, ga tafasa, duk sun yi kore shar. An kakkafa 'yan ƙananan alluna a ciki, na ce lallai wasu furanni masu tsada aka shuka, ciyawa ta danne su. Ban sunkuya na karanta ko ɗaya ba. Ni da na yini ina karanta allo!

Nan shawara ta zo mini. Hanyar nan ce su Baba za su biyo in sun gama cin abinci. In ya tarar da ni tsugune ina cira, ya ga ko a birni idona bai iya ganin ciyawa ya wuce ba, ai dole ya san jinin noma na jikina. Na tuɓe babbar riga na rataye a waya, na naɗe ƙafar wando, na tsallaka.

Na yi aiki, jama'a. Ƙasar a jiƙe take, ciyawar na fitowa har saiwa. Ina cirewa ina kakkaɓe ƙasar ina tarawa a gefe, yadda na ga 'yan ƙwadago na yi. (Har wani ɗan waƙe-waƙe nake yi ƙasa-ƙasa, Allah Ya yafe mini.) Ina yi ina satar kallon hanya. Na kusa gamawa na hango su tafe, Baba a gaba da tabarau. Na ƙara himma, na goge zufa da bayan hannu don ya gani.

Abin da ban hango ba shi ne ta ɗaya gefen ma akwai masu zuwa. Ɗalibai ne kusan ashirin da littattafai, da malamarsu, da wani dattijo mai koren kaya wanda shi ke kula da lambun. Yana tafe yana cewa, "Yanzu kuma ga fangalin tsirran maganin gargajiya, wanda muka..." Sai ya tsaya. Ya dubi fangalin fayau, ya dubi tulin da ke gefe, ya dube ni da rai-ɗore a hannu.

"Innalillahi! Malam, me muka yi maka?"

"Taimako ne," in ji ni. "Ciyawa ce ta..."

"Ciyawa? Wata huɗu ina ba su ruwa safe da yamma! Su aka kawo yaran nan su gani!"

Sai ga muryar Sadiya daga bakin waya, da ƙarfinta, irin karatun da ake yabonta a kai a makaranta: "Abba, ga shi an rubuta har da Hausa. Tsirran magani. Don Allah kada a taɓa."

Ɗaliban suka fashe da dariya, wasu sun fito da waya. Hauwa ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na kasa ajiye rai-ɗoren, na kasa ɗaga kai. Mai lambu ya ce sai mu tafi ofis. Ban damu da ofis ba, idon Baba nake tsoro.

Baba ya matso, ya yi wa dattijon sallama, suka gaisa a tsanake kamar ba abin da ya faru. Sannan ya ɗauki gogamasu ɗaya daga tulin, ya kai shi kusa da tabarau. "Saiwar ba ta tsinke ba," ya ce. "In aka mayar yanzu aka ba su ruwa, za su tashi. Wannan abin shekara hamsin ina kashe shi yana dawowa." Ya juyo gare ni. "Akawu, shekara goma sha biyu ina jiran in ga ka yi noma, ashe gonar gwamnati kake jira."

Har mai lambu sai da ya dara. Baba ya cire takalmi ya tsallaka waya ya tsuguna kusa da ni. Yana haƙa rami da yatsa, ni ina miƙo masa ina karanta allo don kowace ta koma mazauninta. Yana dasawa yana faɗa wa ɗaliban amfanin kowace, suna rubutawa. Na dubi fuskarsa, hannunsa duk laka, rabon da in gan shi da irin wannan fara'a tun yana Runka. Taron da aka yi a kanmu ko zaki bai samu irinsa ba ranar.

Kwana uku da dawowarmu Batsari, da sassafe na ji sallama. Baba ne a ƙofar gida da hauya biyu, ya miƙo mini ɗaya. "Tayar da babur, mu je gonarka. Hannunka ya iya cira, na gani. Saura ka san abin da ake cirewa."

Har yau Akawu yake ce mini, amma yanzu in ana hirar gona yakan jira in gama magana. Ni kuma na ɗauki darasi: kafin in sunkuya taimakon kowa, sai na fara karanta allo. In babu allo, in tambayi Sadiya.