Awa Tara na DJ Dogon Zango

Idan za a jero manyan mutanen da Allah ya albarkaci kiɗan lantarki da su, to a fara da DJ Dogon Zango, sannan a ɗan huta kafin a ambaci na biyu. Shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma har yau shi kaɗai ke amfani da shi. Sauran ma'aikatan gidan rawar da yake aiki kuwa, Sai-an-jima suke ce masa. Hassada ce kawai, in ji shi.

Bawan Allahn nan yana da aƙida ɗaya tak: da awa ake auna mutuncin mai kiɗa.

"Mai minti talatin ɗan aike ne," haka yake faɗa wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi. "Mai awa biyu ya fara zama mutum. Daga awa shida ne ake fara ce maka ranka ya daɗe."

Abin takaici, shi minti arba'in da biyar manaja ke ba shi, da an buɗe ƙofa, lokacin da masu jera kujeru suka fi baƙi yawa.

Kowa ya san yadda kiɗan nan yake tafiya. Ana jan sauti, yana hawa, yana hawa, sai a saki babbar ganga gaba ɗaya, jama'a su yi tsalle. Dogon Zango bai taɓa sakin gangar ba. Ba don bai iya ba, haba, wa ya isa ya ce haka? Lokacin ne ba ya kai shi. A kukan tsuntsaye da ɗigar ruwa mintocinsa ke ƙarewa, yana shirin taɓa maɓallin farko mai muhimmanci za a dafa kafaɗarsa a ce ya ba na gaba wuri.

"Ni tafiya nake kai mutane," yakan ce. "Wanda ya saki ganga kafin awa ta biyar bai san darajar ganga ba."

Da a gidan rawa abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma akwai yayan matarsa, mai shagon kayan gini, wanda duk zuwansa gidan sai ya tambaya ko har yanzu danna maɓallin ake yi. Wannan karon ya yanke magana: ko ya gani da idonsa cewa ana ganin girman mijin ƙanwarsa a wannan sana'a, ko kuma kujerar tsaron shago tana nan tana jira. Matar ma ta ce gaskiyar Yaya ce.

Washegari Dogon Zango ya faɗa ofishin manaja da baƙin tabarau, ya yi jawabi na minti ashirin a tsaye. Ya ce tarihi ba zai yafe wa gidan nan ba. Ya ce ko a ba shi fili na gaske, ko ya tattara filashin da kiɗansa ke ciki ya bar su cikin duhu.

Shi kuwa manaja, a makon nan aka kawo masa sababbin lasifikoki, kuma mai haɗa su ya ce sai an bar su suna aiki wuni guda kafin su saki jiki. Ya dubi mutumin da ke gabansa kamar wanda ya tsinci abin da yake nema.

"Ranar Talata, tara na safe zuwa shida na yamma. Fili naka ne kai kaɗai."

Awa tara! Bai tambayi dalili ba, manya ba sa tambayar dalilin girmama su. Ya buga takardar talla da hotonsa yana kallon sama, ya aika wa Yaya guda biyu.

Ranar Talata jama'a suka hallara: mai haɗa lasifika da tsaninsa, sai wata dattijuwa mai goge-goge da bokitinta. Dogon Zango ya ɗauki makirfo ya gode wa dukkan waɗanda suka yi imani da shi tun ba a san shi ba. Ya rufe kunnuwansa biyu da hedfon, ya lumshe ido, ya saki tsuntsaye.

Awa ɗaya, tsuntsaye. Awa biyu, ruwa ya fara ɗiga. Mai haɗa lasifika, wanda babbar ganga kawai yake so ya ji ko akwatunan lasifikar da ke ƙasa suna amsawa, ya hau dandamali ya ɗaga murya:

"Malam, don Allah a ɗan sa mana mai nauyin!"

Aka ɗaga masa tafin hannu, ba a ko buɗe ido ba. Sai an jima.

Mutumin yana da wani aikin da rana. Ya zare wayar da ta haɗa na'urar Dogon Zango da lasifikokin, ya jona tasa, ya gwada abin da zai gwada cikin rabin awa, ya ga sun yi daidai, ya kashe lasifikokin, ya saɓa tsaninsa ya yi gaba. Shi kuwa gwanin namu, kiɗansa na nan daram cikin kunnensa, har yana jin yau sautin ya fi kullum tsabta.

Ni dai ban taɓa ganin jajircewa irin wannan ba, kuma wallahi har tausayi ya ba ni. Bai ci ba, bai sha ba. Ya murɗa nan, ya ja can, ya ciji leɓe, gumi ya jiƙa rigar har baya. A awa ta shida ya nuna wani lungu da yatsa ya jinjina kai, alhali kujeru ne a kife.

Ƙarfe biyar da rabi Yaya ya iso da ƙanwarsa. Suka tsaya a bakin ƙofa. Zaure tsit, ba ka jin komai sai ƙarar tsumma a ƙasa da takun wani mutum a can sama yana tsalle shi kaɗai, yana huci.

Shida saura minti biyu, Dogon Zango ya ɗaga hannu sama. Ya ƙirga da yatsu: uku, biyu, ɗaya. Ya saki gangar da ya riƙe shekara shida, ya daka tsalle, ya yi ihu, ya fizge hedfon don ya ji gidan na girgiza.

Ya ji ruwa na ɗiga daga tsumma zuwa bokiti.

Yaya ya taka har gaban dandamali, ya ciro makullin shago ya ajiye a kan na'urar, ya ce ƙarfe bakwai ake buɗewa.

Dattijuwar ce ta ga bai kamata a bar mutum ya sauka haka ba yabo ba.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Shekarata goma sha ɗaya a gidan nan, masu kiɗa iri-iri na gani. Kai kaɗai ne ka taɓa bari na yi aikina kaina bai yi ciwo ba."